Telan Katmandu

'Yar uwa mai karatu, in Allah ya kai ki Katmandu, babban birnin Nepal, gab da bikin Dashain, ki ratsa lungunan kasuwar Asan. Za ki iske saurayin tela ya duƙufa kan kekensa har dare, don kowa na son sabon kaya. Sau da yawa ɗan Damai ne, dangin da suka gaji ɗinki da kiɗan biki kaka da kakanni. A ƙauye ubansa na yi wa masu gona ɗinkin shekara, a biya shi da hatsi.

To amma ga abin tausayi: shi zai ɗinka kayan ango, danginsa su yi wa amarya kiɗa, alhali shi bai isa ya nemi 'yar gidan ba, wai asalinsa ƙasƙantacce ne. Doka ta hana wannan wariya a 1963, aka ƙara tsanantawa a 2011. Duk da haka, a 2020 a gundumar Rukum an kashe wani saurayi ɗan maƙera da abokansa biyar, don ya je ɗauko masoyiyarsa 'yar manyan asali.

Allah ya kyauta, ya raba mu da raina sana'a.