Bedlam: Asibitin Da Sunansa Ya Koma Zagi

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street da ke birnin Landan, abin da zai tarar shi ne cunkoson matafiya, kowa na sauri. A nan ne aka kafa wani gidan ibada na Kirista a shekarar 1247, aka sa masa sunan Maryamu ta Baitalami, wato garin nan na Falasɗinu. Sannu a hankali ya zama masaukin marasa lafiya, kuma zuwa 1403 akwai masu taɓin hankali a cikinsa.

Da Ingilishi ana kiran garin Bethlehem. Mutanen Landan suka gutsure sunan ya koma Bethlem, daga nan ya zama Bedlam. Yau in Bature ya ce "bedlam", hargitsi da hayaniya yake nufi. To, me ya jawo wa suna mai daraja wannan ƙasƙanci?

Amsar tana Moorfields, inda aka mayar da asibitin a 1676. Ginin kamar fadar sarki, amma kyan ɗan maciji ne. A bakin ƙofa an kafa gumaka biyu na majinyata, ɗaya a ɗaure da sarƙa. Mutanen gari kan ba da ɗan kuɗi su shiga kallon marasa lafiya suna dariya, kamar sun je gidan namun daji. Sai a 1770 aka hana wannan shiga barkatai. A 1814 aka gano wani majinyaci, James Norris, wanda ya yi shekara da shekaru da ƙarfe a wuya, an haɗa shi da sanda a jikin bango. Labarinsa ya sa majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike a 1815.

A wannan shekarar asibitin ya ƙetare kogin Thames zuwa Southwark. Ginin yana nan har yau, ya zama gidan tarihin yaƙe-yaƙe. Tun 1930 kuwa asibitin yana kusa da Beckenham a kudancin Landan, cikin fili mai ciyayi da itatuwa, yana aiki da sunan Bethlem. Gumakan nan biyu suna gidan tarihin da ke harabarsa, inda ake baje zane-zanen da majinyata suka yi.

'Yan makaranta, mu ma muna da irin wannan ɗabi'a. A Kano ana tsokanar mutum da "a kai shi Dawanau", a Legas kuma da Yaba. Zolayar kan sa mai ciwo ya ɓoye damuwarsa, iyali su ji kunyar kai shi wurin likita. Taɓin hankali ciwo ne da ake magani. Idan ɗan ajinku ya sauya, ya daina magana ko barci, ku sanar da malami ko iyayensa, kada ku laƙaba masa suna.