Ƙaura daga tsohon had-dis

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace fim a Kano cikin shekarun 2000 ya san tsadar wuri a had-dis. Kaset ɗin MiniDV na awa guda, in an juye shi a kwamfuta, gig 13 ya ke ci. Kenan had-dis mai gig 80 da ƙyar ya ɗauki awa shida. Da an gama fim sai a goge a zuba wani. Shi ya sa finafinai da dama na lokacin ba su da uwa, sai dai kwafin sidi mai dishi-dishi irin wanda aka saida a Ƙofar Wambai.

Akwai wani bawan Allah da ya yi yaron edita a wani sutudiyo a Titin Zoo. Da maigidan sa ya sayi babban had-dis sai ya bar masa tsohon, shi kuma ya maida shi rumbun sa: hotunan lokeshin, fastoci, waƙoƙin da ya rera bai taɓa nuna wa kowa ba, da bidiyon bikin sa. Yanzu ya bar industiri, yadi ya ke saidawa a Kantin Kwari. Had-dis ɗin ya fi shekara 15 cikin kwalin takalmi a saman wadirob, har ranar da 'yar sa ta tambaye shi yadda muryar kakar ta ta ke. Tsohuwar ta rasu yarinyar ba ta yi wayo ba, kuma ba inda muryar ta rage sai cikin bidiyon bikin nan.

Matsalar farko, bakin had-dis ɗin irin na da ne, IDE, mai faɗin nan da jerin allurai, kwamfutocin yanzu ba su san shi ba. Ya ɗauka ya nufi Titin Beirut neman adafta. Mai gyaran ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, bar shi kawai, jibi ka dawo ka karɓi kayan ka a filash."

Ya ce a'a, adaftar kawai za a saida masa.

Ba rowar kuɗin aiki ba ce. A ciki akwai hotunan 'yan mata da su ka yi fim biyu ko uku, su ka yi aure, yau wata 'yar ta ma ta isa aure. Hotuna ne na wasa da dariya a lokeshin, wata ba ɗankwali, wata ta yi barci a mota baki buɗe. Ba abin kunya a ciki, amma su shiga TikTok mana ka ga yadda za a juya su! Wanda ya ga 2007, lokacin da bidiyo guda ya fita daga waya ya shiga gari har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, ba ya barin irin wannan ajiya ta kwana a shagon wani.

Da daddare ya jona, bayan ya tabbatar batirin laftof a cike ya ke, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Faifan ya tashi da gurnani, sai kuma ƙas, ƙas, ƙas. Editoci sun san wannan ƙarar: allurar karatu ce ke neman hanya ta na rasawa, kuma kowane minti da ya ƙara a kunne ajalin sa ya ke matsowa. A nan ne ƙaurar ta zama irin ta gobara, wato me za ka fara fiddawa?

Ga foldar fastoci, cike da fuskokin Ahmad S. Nuhu da ya rasu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014. Hannun sa har ya kai kan ta. Amma waɗannan duniya ta san su, akwai su a gidaje dubu. Tsohuwar sa fa? Ya tsallake ya nufi bikin.

Kwafa ya yi, bai yanke ba, domin asalin ya zauna inda ya ke har sai ya ga kwafin ya buɗe. Filash ɗin ta ce ba ta karɓa, alhali ga wuri fal. Ashe tsarin FAT32 ne a kan ta, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gig 4. Bai tsaya gyara ta ba, ya karkata aikin zuwa sababbin had-dis biyu da ya tanada, ɗaya SSD, ɗaya mai faifai. Biyu, saboda sabo ma ya na mutuwa, kuma SSD ba a so a bar ta shekaru ba wuta. Ɗayan tuni ya yanke cewa gidan yayan sa zai kai, kada ruwa ko ɓarawo su haɗa duka.

Bidiyon bikin ya wuce wajen ƙarfe ɗaya na dare. Fastoci su ka bi, sannan waƙoƙin, waɗanda rabin su su ka ƙi buɗewa, kuma bai ji zafin hakan sosai ba. Foldar 'yan matan ce ya daɗe ya na kallo. Bai kwafa ba. Washegari ya kwance murfin tsohon had-dis ɗin, ya sa guduma ya farfasa faifan, don ya san abin da aka goge ana iya tono shi.

Tsohuwar ba ta kai minti guda a bidiyon ba. Ta na zaune kan tabarma ta na yi wa mai kyamara faɗa wai ya taka mata takalmi. 'Yar ta sa an maimaita mata wurin sau bakwai.