Daga Agadas Zuwa Timiya Bisa Babur: Kwana Biyu Cikin Duwatsun Abzin

Da yawa daga cikinmu mun sha lemun Timiya, mun ci albasa da tafarnuwar Abzin, amma kaɗan ne suka taɓa ganin hanyar da waɗannan kaya suke biyowa kafin su iso kasuwanninmu. Mu ma ba mu san ta ba sai a watan Maris na 2022, farkon bazara, lokacin da wata larura ta gida ta ɗora mu a kanta bisa babura.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne a Damagaram, kuma shekara da shekaru gidansa ne masaukin wani madugu mutumin Timiya. Mutanen wannan gari, wato Kel Ewe, tun kaka da kakanni fataucinsu ƙafa uku gare shi: bayan damina su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro ƙasar Hausa su sayar su sayi gero, sannan su koma duwatsunsu gab da faɗuwar ruwa. Bayan rasuwar tsohonmu muka tarar a littafin lissafinsa ya rubuta da ajami cewa akwai kuɗin kantu 40 na madugun nan da bai biya ba, ga shi kuwa tsufa ya hana madugun saukowa shekaru da dama. Mahaifiyarmu ta ce barci ba zai yi mata daɗi ba sai an sauke wa mijinta wannan nauyi, hannu da hannu, kafin azumi ya kama. Saura mako biyu a ga wata muka tashi, mu uku ƴan ɗaki ɗaya, har da autanmu mai shekara 22.

Sharuɗɗan jagora

Motar haya ta kai mu Agadas, tafiyar kimanin kilomita 450. Mun yi sallar la'asar a babban masallacin garin, ƙarƙashin hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka gina wajen shekarar 1515 aka sabunta ta a 1844. Daga nan zuwa Timiya akwai kimanin kilomita 220 ta arewa maso gabas, kuma babu kwalta. Motar kayan da za ta nufi can sai ranar da ta cika take tashi, mu kuwa kwanakinmu ƙidayayyu ne, don haka muka ɗauki hayar babura biyu, muka samu wani saurayi ɗan duwatsun ya yi mana jagora bisa nasa.

Tun kafin a tayar da inji jagoran ya gindaya mana sharuɗɗa. Kowane babur ya ɗauki jarkar ruwa da ta mai, da kayan faci. Kada kowa ya wuce shi, kada kuma a bar na baya ya ɓace wa ido. Na ƙarshe, kada a kauce daga sawun da tayoyi suka riga suka bi. Ya ce wannan ɗabi'a ta kama mutanensu ne tun tawayen 2007 zuwa 2009, lokacin da aka dasa nakiyoyi a wasu hanyoyin yankin. Autanmu, wanda ke jin babu mai gwada masa babur a titunan Damagaram, ya yi murmushi, ya naɗa rawani, ya ɗaure hular kwanonsa a bayan kaya.

Cikin ƙoramar Telwa

Bayan sallar asuba muka fita. Hanyar farko tana bin gefen ƙoramar Telwa, wani wuri ta faɗa cikinta, wani wuri ta haye. A bazara ƙoramar busasshiya ce, faffaɗan rairayi kawai tsakanin goruba da gawo, har mutum ya yi mamakin yadda ita ce ta fasa shingenta ta cinye unguwannin Agadas a farkon watan Satumba na 2009. Tuƙi cikin rairayi abin koyo ne. In ka rage mai, tayar gaba ta nutse. In ka danne kan babur da ƙarfi, ya kayar da kai. Sai ka ja jiki baya, ka sassauta hannu, ka bar shi ya nemi hanyarsa. Sau biyu mu biyun da ke goye da juna muka zube a hankali kamar buhunan gero, ba wanda ya ji ciwo, sai dariya.

Da hantsi muka isa Dabaga. Garake ne jere a bakin ƙorama, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, alkamar da aka shuka da sanyi ta yi ja ana yankanta, ga albasa an baza tana shan iska. A nan babban yayanmu ya kashe inji ya dubi auta ya ce: “Ko dai ka sa hular nan, ko kuwa ka zauna nan mu tarar da kai in mun dawo. Ba zan koma wa Inna da labari biyu ba.” Auta ya ce: “Yaya, zafi ne fa.” Yaya bai tanka ba, bai kuma tayar da babur ba, har sai da yaron ya kwance hular ya kifa.

Hawa

Daga Dabaga ƙasa ta fara tashi. Rairayi ya ƙare, tsakuwa da baƙaƙen duwatsu suka karɓa, waɗansu mulmulallu kamar an tara tukwane, waɗansu masu kaifi kamar bakin gatari. Hanyar ta koma siririya, tana naɗe gindin dutse, ta hau kafaɗarsa, ta sauka cikin kwazazzabo, ta sake hawa. Da wuya ka samu miƙaƙƙen wuri da za ka sa giya ta huɗu. Can ta hannun dama muka riƙa hango tsaunukan Bagzan, inda ƙololuwa mafi tsawo a ƙasar Nijar take, mita 2022.

Bin bayan jagoranmu ya zame mana makaranta. Duk kwanar da ba a ganin bayanta sai ya matsa oda tun daga nesa, ya lafe a gefensa. In za a gangara, tun daga sama yake mayar da giya ƙasa, inji ya riƙe babur, domin birkin da aka danne tun daga kan tudu har ƙasa zafi yake yi ya saki. A kan tsakuwa ba ya damƙe birkin gaba cikin kwana. Kafin ya shiga yake rage gudu, sannan ya fita da ɗan mai. In ya ji ƙugin babbar mota tana tahowa, sai ya nemi faffaɗan wuri mu tsaya mu jira, don motar da ta sha lodin albasa har da mutane a sama ba ta da ikon ja da baya a kan gangara.

Mun ratsa ta Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, muka sha shayi muka wuce. Tayar jagora ta sace sau ɗaya, ƙayar kandili ta huda ta, muka yi faci a inuwar wata aduwa. Rana na sunkuyawa ya ce a sauka, shi ba ya tafiyar dare a duwatsu. A bakin wata ƙaramar ƙorama ya hura wuta, ya kwaɓa garin alkama ya binne cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya tono gurasar da suke kira tagella, muka ci da cuku. Zafin rana ya gasa mu yini guda, amma kafin tsakar dare sai da kowa ya nemi bargo.

Faɗuwa

Washegari da hantsi abin ya faru. Mun haye wani dogon tudu, hanya ta buɗe kaɗan a kan gangara, sai auta ya ga dama ta samu. Ya murɗa mai ya wuce mu, ya wuce jagora, ƙura ta rufe shi. Jagoran ya yi ta matsa oda, ina, ya yi nisa. A ƙasan gangarar akwai kwana mai kaifi da ta juya hagu, ruwan damina ya zubo tsakuwa a bakinta. Da muka iso babur yana kwance tayar baya na juyawa, shi kuma yana can ƙasa da hanya, ya tsaya a jikin wani dutse.

Waɗannan taku ashirin da muka gangara zuwa gare shi ba mu taɓa yin tafiya mai tsawonsu ba. Muka tarar idonsa biyu, yana salati. Hular kwanon ta tsage daga goshi har bayan kunne. Gwiwarsa ta saɓule, wuyan hannunsa na hagu ya fara kumbura. Muka ciro wayoyi, babu wadda take kamawa. Babu gari kusa, babu mota, sai mu da duwatsu.

Wata dattijuwa mai kiwon awaki ce ta hango mu daga kan tudu ta sauko. Ba ta jin Hausa sosai, jagora ne ya yi mana tafinta. Ta duba hannun, ta sa aka sassaƙo itace biyu, ta yage gefen rawanin yaron ta ɗaure masa, ta ba shi nono a ƙwarya. Da muka miƙa mata kuɗi sai ta ture hannunmu, ta kora awakinta ta tafi. Jagora ya miƙe kan babur ɗin da ya lanƙwashe, bai yi wa auta faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne: “Ƙanena, kakanninmu da raƙumi suka bi hanyar nan kuma sun isa. Ita ba ta san sauri ba.” Ya goya shi a bayansa, ɗayanmu ya karɓi babur ɗin, muka ci gaba a giya ta biyu.

Timiya

Gab da la'asar muka tsaya a magangarar ruwan da ke kusa da garin, inda ruwa ke silalowa daga baƙin dutse zuwa wani tafki. A wannan lokaci na shekara ruwan siriri ne, amma bayan kwana biyu cikin ƙura ganinsa kaɗai ya sanyaya mana rai. Kaɗan gaba sai ga Timiya shimfiɗe a bakin ƙoramarta, sama da mita 1000 bisa teku, kore shar tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga tsohon sansanin sojan Faransa na zamanin mulkin mallaka yana leƙen ta daga kan tudu. Lemu yana fure, ƙamshinsa ya tarbe mu tun kafin gidaje. Muka fara da gidan likita, aka wanke gwiwar, aka sake ɗaurin hannun, aka ce a kai shi Agadas a ɗauki hoton ƙashin.

Madugun muka tarar a garkarsa, zaune kan tabarma ƙarƙashin rumman, idonsa ya yi rauni. Wani jikansa yana jan raƙumi gaba da baya a bakin rijiya, guga na fitowa yana juye kansa cikin kwararo, ruwa na bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Da muka ambaci sunan mahaifinmu sai ya yi shiru mai tsawo, sannan ya shafa kan kowannenmu, ya yi masa addu'a da Hausar da ta fi ta wasunmu tsabta. Yaya ya ce: “Baba, mun zo da saƙon abokinka.” Ya buɗe littafin ya karanta masa layin, ya ajiye kuɗin, waɗanda muka lissafa bisa farashin kantu na wannan shekara.

Tsohon ya sa jikansa ya ƙirga. Da ya ji adadin sai ya girgiza kai ya ce: “Ƴaƴana, ba haka muka yi da shi ba. Kuɗin ranar da na sauke masa gishirin nake bin sa.” Ya faɗi farashin wancan lokaci ba tare da ya yi jinkiri ba, ya ware nasa, ya turo mana saura, kusan rabi. Muka roƙe shi ya riƙe, ya ce wanda ya ba shi masauki shekara ashirin, ya ajiye masa gero bai taɓa tauye mudu ba, ba za a ci ribarsa yana kabari ba. Sannan ya ce mu gaya wa mahaifiyarmu ta yi barci.

Komawa

Mun so mu ƙarasa Asode, tsohon birnin da ya zama kufai a arewacin Timiya, musamman da yake Gobirawa suna cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Hannun auta ya hana. Bayan kwana biyu aka samu motar kaya mai zuwa Agadas, muka sa shi a gaba kusa da direba, aka ɗora babur ɗinsa a sama. Mu kuwa muka biyo hanya da kwandon busasshen tumatir da tafarnuwa da tsohon ya ɗaure mana, muna matsa oda a kowace kwana ba sai an tuna mana ba. Hoto ya nuna tsagewar ƙashi, aka sa masa filasta, ya yi azuminsa da hannu a rataye.

Ga duk mai niyyar bin wannan hanya, shawararmu ita ce ya fara tambayar halin tsaro daga mutanen wurin da hukuma, kada ya tafi shi kaɗai ko ba jagora, ya guji damina lokacin da ƙoramu ke kawo ruwa ba sallama, ya kuma ba tafiyar kwana biyunta cikakku. Iyaye kuma, in yaro zai hau babur, ko cikin gari ne, a tsaya masa kan hular kwano kamar yadda yayanmu ya tsaya a Dabaga. Tsagaggiyar hular nan tana rataye a zauren gidanmu har yau, Inna ce ta hana a jefar da ita.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa dattijuwar nan mai awaki da alheri, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.