Ashe Sauƙin Gwiwata Yana Kan Tiren Mai Kayan Yaji a Nyanya!

Jama'a, ku bar ni in ba ku labarin nan da ɗumi-ɗuminsa! Ni da amosanin gaɓɓai ya mayar mai sallah a kan kujera, ni ce na haye gadar sama ta Nyanya ban tsaya hutu ba. Wallahi sai da na waiga na ƙirga matakalar da ido!

Likita ce ta fara taka mini birki. Ta ce ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac, in aka mayar da su abincin kullum, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Na ce to in koma kwalaben glucosamine da ake ta talla? Ta girgiza kai: a wani bincike da aka wallafa a 2006, an gwada shi a Amurka kan mutum 1,583, a dunƙule bai nuna wani fifiko a kan ƙwayar da ba magani a cikinta ba.

Sai ta kawo zancen kurkum. A wani bincike da aka wallafa a 2014, a ƙasar Tailan, an raba masu ciwon gwiwa 367 gida biyu: wasu suka sha sinadarin da aka tato daga kurkum, wasu ibuprofen. Bayan mako 4, sauƙin ya zo kusan daidai! Ta ja mini kunne cewa sinadarin kaɗan ne a cikin gari, kuma jiki ba ya zuƙarsa sosai sai da masoro da ɗan maiƙo.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, na kutsa cikin turmutsutsun Nyanya. Ga kurkum rawaya yana rina yatsun mai awo, ga busasshiyar cittar Kachia, ƙamshinta har maƙogwaro.

"Hajiya, a ƙara masoro?" in ji mai awon.

"Ƙara, ɗana, shi na zo nema!"

Na biya ta wurin masu kifi na sayi titus, domin man da ke jikinsa yana taimakawa wajen rage kumburi. Da safe shayin citta, da rana miyar zogale da kurkum da masoro. Lemon kwalba da soye-soye kuwa, na yi musu sallama don in rage ƙiba. Ashe duk kilo 1 da mutum ya sauke, kamar ya ɗauke wa gwiwarsa kilo 4 ne a kowane taku!

Sauƙin bai zo dare ɗaya ba, kuma ciwon bai ɓace ba; da sanyin asuba yakan leƙo. Amma ruku'u da sujada sun dawo, alhamdulillahi.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, kayan nan taimako ne, ba sa maye gurbin asibiti. In kana shan maganin tsinka jini, ko kina da juna biyu, a tambayi likita tukuna. Duk kwalbar da ba lambar NAFDAC, a bar wa mai ita kayarsa. Allah Ya ba mu lafiya mai ɗorewa.