Lambun Agodi da Yaran Sabo

Yau ina so mu ɗan taɓa zancen wani wuri da ke nan kusa da mu a Ibadan, wanda yawancinmu ba ma tuna shi sai ranar yawon Sallah, wato lambun Agodi.

Duk wanda ya san Sabo ya san ba mu da filin wasan yara. Tun da aka kafa unguwar a 1916 kasuwanci ne ya tara mu, kowane lungu shago ne, kowane zaure ma'ajiyar kaya. Ni kaina a bayan huhunan goron mahaifina na yi wasan ɓuya. Ƙannena kuwa a bakin titi suke buga ƙwallo, ido ɗaya na kan ƙwallo, ɗaya na kan 'yan acaɓa. Alhali daga Sabo ka bi ta Mokola ka nufi Sakatariya, tafiya kaɗan ce ka isa Agodi.

An buɗe wurin ne a 1967, a matsayin gidan namun daji da lambun itatuwa. Dattawanmu sun ce a lokacin har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Sai a watan Agusta na 1980 kogin Ogunpa ya yi ambaliyar nan da har yau ba a manta da ita ba, ta ci rayuka da gidaje, ta kuma tafi da yawancin dabbobin lambun. Daga nan wurin ya koma kufai shekara da shekaru, ciyawa ta rufe hanyoyinsa. Sai a 2012 gwamnatin marigayi Abiola Ajimobi ta fara gyara, aka sake buɗe shi a 2014, da lilo da wurin sulu da wurin ninƙaya na yara.

To amma ni ba lilon ne ya fi burge ni ba. Kana shiga za ka ji iskar ta sauya, ƙarar motoci ta koma can nesa. Ga dogayen itatuwa da suka girmi iyayenmu, ga gora ta yi duhu a bakin ruwa, ga ƙadangaru masu jan kai suna shan hantsi. Idan ka kai yamma kwaɗi su fara nasu kiɗan. Ranar da na kai ƙaramin ƙanena, ya fi rabin awa a tsugune yana bin jerin tururuwa da ido, ya manta da lilon da ya yi ta kuka a kai. Yaron da aka haifa a Sabo bai san gona ba, bai san daji ba, in ban da 'yan kwanakin da ake kai shi gida hutu. Nan ne kawai zai taka ciyawa ba takalmi.

Kuma itatuwan nan ba ado kaɗai ba ne. Saiwarsu ce ke riƙe ƙasa, ita ke rage gudun ruwan da ke gangarowa daga tudu kafin ya faɗa rafi. Garin da ya ga 1980, ya sake ganin ambaliyar Agustan 2011, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Shi ya sa a 2023, da aka fara sare wani ɓangare na dajin da ke jikin lambun don gina gidaje, mutanen gari suka fito suka nuna rashin yarda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na kawo zancen a majalisarmu, sai wani ya ce wannan ai maganar masu gari ce, mu baƙi ne. Baƙuntar shekara ɗari da 'yan kai? A nan aka yanke cibiyarmu, a nan aka binne kakanninmu, kuma idan ruwa ya taso ba ya tambayar yaren kowa.

Saboda haka ina roƙon iyaye da yayye, kada mu jira sai Sallah. Ko sau ɗaya a wata a rufe shago da wuri, a kwashi yara a kai su. Malaman Islamiyya ma za su iya shirya ziyara ranar Alhamis. Wurin da yaro ya saba da shi, shi zai tsaya wa idan ya girma.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.