Daga Dakata zuwa Challawa da jakar hoto

Daga Maraɗi kiran ya zo. Babbar 'yar gidan ce, wadda aure ya kai can shekaru da dama. Ta ce mahaifinsu ya yi aiki a kamfanin fata a Challawa har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu yana zaune a gidansa a gefen Panshekara. Ranar Asabar za a yi walimar saukar Alƙur'ani ta jikarsa, 'ya'yansa na Legas da na Kaduna duk za su zo, kuma ba ta san ranar da gidan zai sake cika haka ba. "Ƙanwata," in ji ta, "duk hoton Baba da ke hannunmu na katin aiki ne da na katin zaɓe. Na Inna kuwa ko wannan sai an bincika." Mace take so, domin yawancin aikin a cikin gida za a yi shi, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure.

Daren Juma'a na shimfiɗa zani a kan gado, na jera kayan aikina gaba ɗaya, sannan na shiga ragewa. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Ƙurar hunturu ta fi ta titi illa ga kyamara, don laushinta ya kai ta shiga inda ko tsinke ba ya kaiwa. Duk lokacin da aka kwance gilashin gaba don a ɗaura wani, cikin kyamara a buɗe yake, kuma ƙwaya ɗaya in ta sauka a kan farantin da ke karɓar haske, ɗigonta zai fito a kowane hoto, a wuri ɗaya, musamman a jikin farin bango. Saboda haka tun a ɗaki na ɗaura wa kowace kyamara gilashinta, ƙofa a rufe, fanka a kashe, da niyyar ba zan kwance ba sai na dawo. Babbar kyamarar ta ɗauki mai zuƙowa daga milimita 24 zuwa 70, wanda zai iya haɗa iyali guda a tsakar gida mai ƙunci, ya kuma matso da fuskar mutum ɗaya. Tsohuwar ta ɗauki ɗan ƙaramin nan na milimita 50, mai araha, mai shan haske ko a ɗakin da taga ɗaya gare shi. Kyamara biyu nauyi ne, na sani. Amma in guda ɗaya ka je da ita ta tsaya maka ana tsakiyar walima, ba wanda zai sake tara maka mutanen nan.

Dogon gilashina na milimita 70 zuwa 200 na daɗe ina juya shi a hannu. Shi ne mafi tsada a cikin kayana, nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, yana fitar da fuska tas, duk abin da ke bayanta ya dushe. Sai dai yana buƙatar mai hoto ya ja da baya, gidajen ma'aikata kuwa ba su da filin ja da baya. Na mayar da shi akwati. Gurbinsa na ba 'yar na'urar wanke hoto, Canon Selphy, da batirinta, da kwalin kati mai guda 108 da tawadarsa. Wasu abokan sana'a suna ganin wahalar banza ce, tunda ga WhatsApp. Ni ban yarda ba. Na sha ganin inda hoton waya yake ƙarewa: wayar ta faɗa ruwa, ko a ƙwace ta a titi, ko a goge don a samu wurin zuba wani abu. Tsofaffin da aka yi taron dominsu ma sau da yawa sau ɗaya ake miƙa musu wayar su leƙa, shi ke nan. In har tsoho bai riƙe hotonsa a hannu ya juya shi ya nuna wa maƙwabci ba, a wurina aiki bai cika ba.

Wuta kuwa ban taɓa sa ta a lissafi ba. Babbar tashar da ke rarraba wa Kano lantarki tana Kumbotso, ƙaramar hukumar da Challawa da Panshekara suke ciki, amma unguwannin talakawa na gefenta suna iya wuni ba su ga wuta ba. Na cika batura duka, masu caji a aljihun dama, wanda ya ƙare ya koma na hagu. Memori ƙanana da yawa na ɗauka maimakon babba ɗaya, na zuba su a 'yar jakar da nake ratayawa a wuya ƙarƙashin hijabi, don ko jaka ta salwanta, hotunan mutane suna jikina. Filasha ɗaya, faifan haske mai naɗewa, 'yar robar hura iska, da ƙyalle mai laushi. Mazaunin kyamara mai ƙafa uku ya kwana a gida, ba ya shiga adaidaita sahu cikin mutunci.

Akwai wani aljihu da ba na wasa da shi, kuma babu kayan kyamara ko ɗaya a ciki: man kaɗanya, hoda, fil na kama mayafi, allura da zare, tsumma mai tsabta, da alawa. A hunturu yaro ko yanzu aka yi masa wanka, kafin ya gama zagaya tsakar gida ƙafarsa da leɓensa sun yi furu-furu, kyamara kuma ba ta rufa wa kowa asiri. Shafa mai na minti ɗaya ya fi zaman dare a gaban kwamfuta ana gyara. Dukkan kayan nan a cikin tsohuwar jakar makaranta suka shiga, wadda babu sunan kamfanin kyamara a jikinta, kowace kyamara a leda mai zif, an naɗe ta da zani. Wanda ya san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano ba zai tambaye ni dalili ba.

Da hantsi muka fita ni da ƙanena, wanda ke riƙe mini faifan haske yana kuma shiga wurin maza. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita ce motar irinmu, mun kuwa ɗauki shata don kada a matse jakar. Na zauna a tsakiya, jaka a cinya. Ƙasan adaidaita ba wurin ajiye kyamara ba ne, duk ramin da taya ta faɗa kai tsaye girgizar ke zuwa cikin gilashi.

Daga Dakata dole ka ratsa Bompai, mafi tsufa a cikin unguwannin masana'antun Kano. Mahaifina a wata masaƙa ya yi aiki a nan, kuma rabin unguwarmu albashin Bompai ne ya gina ta. Yau wasu ƙofofin suna buɗe, ana jin ƙugin inji, wasu kuwa ciyawa ta bushe a bakinsu, wasu sun koma ɗakunan ajiyar kaya. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya: ƙarancin wuta, tsadar man janareta, faɗuwar naira, ga yadin waje da ya cika Kantin Kwari. Ba na wuce wurin nan ban tuna cewa mutanen da suka tsaya a gaban injinan nan shekara ashirin, talatin, yawancinsu sun tafi ba su bar wa jikokinsu hoto mai kyau ko ɗaya ba.

Muka ratsa gari, muka bi ta Ɗan Agundi muka faɗa titin Sharaɗa. Nan tireloli suka fara yawa, da masu ɗaukar robobi da buhunan kaya, kowace ta wuce sai ta bar mana hazo. Na ja hijabi na rufe jakar. Direban ya waiwayo ya ce, "Hajiya, jariri ne a ciki?" Na ce masa kayan hoto ne. Ya rage gudu da kansa, ya riƙa kauce wa ramuka har muka wuce Ja'en da Gaida. Allah Ya saka masa.

Challawa hanci ne ke fara sanar da kai ka iso. Warin kamfanonin fata ne, na sinadarin da ake cire gashi da shi da na ruwan da aka jiƙa ɗanyar fata. Ba banza masana'antu suka taru a nan ba: jima aiki ne mai shan ruwa, ga kogin Challawa a gefe, ga layin dogo da ya iso Kano tun 1911 ya bi ta nan, ga tsohuwar matatar ruwan famfo da ke shayar da birni tun farkon shekarun 1930. Banda fata akwai kamfanin lemon kwalba da wasu masana'antun. A magudanan gefen titi na ga ruwa yana tafiya, wani shuɗi-shuɗi, wani baƙi mai kumfa, kuma inda ya nufa ba ɓoyayye ba ne. Kogin nan shi ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, a bakinsa kuma mutane ke noman rani, suna kamun kifi, suna shayar da dabbobi. Abin ya tsaya mini a rai, amma kyamara ba ta fito ba. Ba a ɗaga kyamara a ƙofar kamfani ba tare da izini ba, kuma ba aikin da ya kawo ni ke nan ba.

Gidan na bulo ne, ba a gama shafe ba, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Na yi sallama na shiga, na durƙusa na gaida Inna, na sha ruwa, aka tambayi mutanen gida. Jaka ba ta buɗe ba sai da aka gama wannan. Mai hoton da ta shigo da kyamara a wuya, mutane sandarewa suke yi a gabanta har ta tafi.

Hunturun da ya wahalar da ni a hanya shi ya taimake ni a aiki. Hazo ya tace rana, hasken ya sauko a hankali, babu baƙar inuwa a ƙarƙashin ido. Filasha ta zauna a jaka kusan duk wunin, kuma gara haka, domin mazan gidan farar shadda suka sa mai maiƙo, wadda in filasha ta dake ta sai ta ƙone fari fat, fuska kuma ta nutse cikin duhu. Da fuska nake auna haske, riga ta biyo baya. Na jera su a inuwar darbejiya, Baba da Inna a kujera, mai sauka a tsakaninsu da allonta mai zayyana, ƙanena daga gefe yana mayar musu da haske da faifai. Man kaɗanya ya zagaya yara, fil ya kama mayafin amaryar gidan, alawa ta tsayar da kukan auta. A ɗakin Inna ƙaramin gilashin nan ya biya kuɗinsa: taga ɗaya, labule a ɗage, ita da 'ya'yanta mata a bakin gado, jeren kwanukanta na tangaran a baya.

Da aka natsa Baba ya sa aka kira ni bakin zaure. Ya ce, "'Yata, kin ji warin garinmu ko?" Na ce na ji, Baba. Ya ce shi ya daina ji tun yana saurayi. Mahaifinsa majemi ne a cikin birni, da bagaruwa yake jima a cikin rami, fata ta kwana da kwanaki. Shi kuma da ya zo kamfani sai ya tarar da manyan ganguna masu juyawa da sinadarin kurom, wanda ke mayar da fata shuɗiya-shuɗiya kafin a rina ta. Ya ce fatar jan akuyar Sakkwato ba ta da na biyu, ita ce tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetara Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko, kuma wadda ta bi ta hannunsa Italiya da Sifen aka riƙa kai ta. Yana magana yana nuna ni da hannu, tafin duk ya yi kanta, farcen ya rine. Sai ya ce yana da buƙata ɗaya: abokan aikinsa da suka rage sun zo walima, yana so a ɗauke su tare. Suka fito, dattawa ne, wasu da sanda, wani tari ya hana shi tsayawa da kyau sai da aka kawo masa benci. Ban ce su yi murmushi ba. Na bar su suka gyara hulunansu, suka tsaya yadda suke so a gan su.

Na'urar wanke hoto a ɗakin Inna na kunna ta, na sa aka rufe ƙofa, na shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinta. Katin shiga yake yi yana fita sau huɗu, rawaya, ja, shuɗi, sannan rufi na ƙarshe, kuma duk ƙurar da ta hau shi a tsakani tabonta ya zauna ke nan. Yara suka cika taga suna kallon yadda fuskar kakansu ke bayyana launi bayan launi. Kowane dattijo na wanke masa nasa kwafin. Inna ta karɓi nata da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ashe haka na tsufa," sannan ta buɗe akwatin ƙarfe ta sa shi a cikin zannuwanta na adana. Kafin la'asar kati ya ƙare, maƙwabta kuwa ba su daina shigowa ba.

Ana kiran magariba muka kamo hanya, daidai lokacin da masu aikin rana ke fitowa daga kamfanoni, a kan kekuna da ƙafa, masu aikin dare suna shiga. Kafin na hau adaidaita na hure ƙurar jikin kyamarori da robar iska, na mayar da kowace ledarta, memori suka koma wuya. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya biyo mu har bakin titi, ya ce akwai sauran tsofaffin ma'aikata a Kumbotso da ba su samu zuwa ba, ko zan iya dawowa bayan azumi, su ma a ɗauke su da iyalansu. Na ce in Allah Ya kai mu zan zo, ya dai tara su a gida ɗaya mai inuwa. Ƙanena ya rubuta lambarsa, ni kuma na sa a raina cewa kwalin kati biyu zan saya a Sabon Gari kafin ranar.