Sun yafe wa wanda ya harbe su, sun kasa yafe wa Jane Fonda



Mu da muka tashi a unguwannin da ake zaune da tsofaffin sojoji mun san halinsu. Mutum zai yi shekara da shekaru a majalisa ɗaya da ku bai taɓa ba ku labarin fagen daga ba, amma akwai wani suna da in aka ambata a gabansa sai ku ga fuskarsa ta canja. A Amurka, ga da yawa daga cikin waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam, wannan suna na wata 'yar fim ce, Jane Fonda, wadda aka haifa a 1937. Yau tsohuwa ce tukuf, su ma tsofaffi ne, amma maganar ba ta mutu ba.

A watan Yulin 1972, lokacin da jiragen Amurka ke ruwan bama-bamai a Biyetnam ta Arewa, sai ta ɗauki ƙafa ta tafi Hanoi, babban birnin abokan gaban ƙasarta. Abin da ya kai ta, a cewarta, shi ne zargin da ake yi cewa jiragen suna kai hari kan shingayen da ke tare ruwan kogi, waɗanda in suka fashe ambaliya za ta cinye ƙauyuka da gonakin shinkafa. Ta yi jawabai a gidan rediyon Hanoi, tana magana kai tsaye da matuƙan jiragen Amurka, tana ce musu su dubi abin da suke aikatawa. Daga nan aka kai ta wani sansanin kakkaɓo jirage. Ta zauna a kujerar bindigar, hular kwano a kanta, tana dariya, aka ɗauki hoto. Irin bindigar da ake harbo 'ya'yan Amurka da ita ke nan. Tun daga ranar suka laƙaba mata suna Hanoi Jane.

Da abin ya tsaya a hoto, da da sauƙi. A 1973 aka sako fursunonin yaƙi kusan 600, suka dawo gida suna ba da labarin azabar da aka gana musu a kurkuku, sai ta fito ta ce maƙaryata ne. A cikinsu akwai John McCain, wanda aka harbo jirginsa a 1967, ya yi shekara biyar da rabi a tsare, kuma har ya mutu a 2018 ba ya iya ɗaga hannuwansa sama da kansa. Ku dubi yadda mutum irin wannan zai ji in aka ce masa ƙarya yake yi.

Ta nemi afuwa, kuma ba sau ɗaya ba. A 1988 ta yi haka a talabijin a hirarta da Barbara Walters, a shekarar kuma ta zauna ido da ido da wasu tsofaffin sojoji a jihar Connecticut. A 2005 ta sake maimaitawa a littafin tarihin rayuwarta, ta ce nadamar wancan hoton za ta bi ta har kabari. A shekarar ne, tana sa hannu a kan littafin a Kansas City, wani tsohon soja ya bi layi kamar kowa, da aka zo kansa sai ya tofa mata ruwan taba a fuska. Ta goge, ta ci gaba da sa hannu, ta ƙi shigar da ƙara.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne waɗanda aka yafe wa. McCain ɗin nan ya koma Hanoi da ƙafarsa, kuma shi da John Kerry, wani tsohon sojan yaƙin, su suka tsaya tsayin daka har Amurka ta maido da hulɗar jakadanci da Biyetnam a 1995. Tsofaffin sojoji da yawa sun koma sun ga wuraren da suka yi yaƙi, sun gaisa da mutanen da suka yi musayar wuta da su, sun ci abinci tare. A 1995 ɗin dai, Robert McNamara, ministan tsaron da ya jagoranci faɗaɗa yaƙin, ya rubuta littafi ya amsa cewa sun yi babban kuskure. An zage shi na ɗan lokaci, aka wuce wurin. Muhammad Ali kuwa, wanda ya ƙi amsa kiran shiga soja a 1967 aka ƙi jininsa a lokacin, shi aka ba wa ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, filin wasa duk ya miƙe masa.

To me ya sa ita kaɗai?

A ganinmu, na farko, abokin gaba aikinsa ya yi. Soja ya san wanda ke can gefe shi ma ɗan wani ne da aka turo, shi ya sa in ƙura ta lafa suna iya fahimtar juna fiye da yadda farar hula ke fahimtarsu. Ita kuwa 'yar gida ce. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ciwon da na gida ya ji maka ya fi daɗewa bai warke ba.

Sai kuma maganar abin da kowa ya biya. Ali ya tsaya a ƙasarsa ya fuskanci kotu. An ƙwace masa kambu, an yanke masa ɗaurin shekara biyar, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe a lokacin da ƙarfinsa ke ganiyarsa, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Ko wanda bai yarda da shi ba ya ga cewa ya yi asara. Fonda 'yar Henry Fonda ce, haihuwar gidan daula, ta dawo daga Hanoi ta ci gaba da sana'arta, har ta ci lambar Oscar ta biyu da fim ɗin Coming Home na 1978, wanda labarin sojan da ya dawo daga yaƙin a keken guragu ne. Su kuwa waɗanda aka tura, da yawansu 'ya'yan talakawa ne, domin wanda ke jami'a ana ɗage masa kiran. Ɗan leburan da ya bar ƙafarsa a dajin Biyetnam yana kallonta a talabijin, ba sai an gaya mana abin da ke ransa ba.

Amma akwai wani ɓangaren da dole mu faɗa, ko da bai yi wa sojojin daɗi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ba ita ta tura su ba. Takardun sirrin ma'aikatar tsaro da jaridu suka fallasa a 1971 sun nuna gwamnatoci daban-daban sun yi ta ɓoye wa jama'a gaskiyar yaƙin. Sunaye sama da 58,000 da ke rubuce a bangon tunawa a Washinton ba hotonta ne ya kashe su ba, balle miliyoyin 'yan Biyetnam da ba a cika ambatonsu a wannan muhawara ba. Yin fushi da ƙasar da ka ɗauki bindiga dominta abu ne mai nauyi. Fushi da mace guda mai fuskar da kowa ya sani ya fi sauƙin ɗauka. Har ƙarya aka ƙara mata: an daɗe ana yaɗa cewa fursunoni sun miƙa mata 'yan takardu a ɓoye ita kuma ta damƙa wa masu tsaronsu, aka doke su har wasu suka mutu. Fursunonin da aka ambaci sunayensu a labarin sun fito da bakinsu sun ce bai faru ba, amma har yau ana turawa a intanet. Sannan ba duka sojojin ne ke ƙinta ba. Akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji masu adawa da yaƙin, waɗanda a Afrilun 1971 suka je gaban majalisar dokoki suka zubar da lambobin yabonsu, kuma ta taya su tara kuɗi.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin afuwar da ta nema. Hoton ta ba da haƙuri a kansa, da zafin da kalamanta suka jawo. Adawa da yaƙin kuwa ba ta taɓa janyewa ba, ko tafiyar ma ba ta ce ta yi nadamarta ba. Mu dai ba mu ga yadda za a ce wa mutum ya tuba daga abin da har yanzu ya yi imani gaskiya ne ba, musamman tunda shi kansa McNamara ya zo ya faɗi kusan abin da take faɗa. Shi kuma tsohon soja, muna jin abin da yake son ji ya wuce ban haƙuri a kan hoto. So yake a ce masa abokinsa da ya mutu a hannunsa bai mutu a banza ba. Wannan kuwa ba za ta iya faɗa ba sai ta yi ƙarya.

Mun taso an koya mana cewa haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ba a yafewa a madadinsa, ba a kuma tilasta masa. Saboda haka ba mu da bakin ce wa wanda aka karya wa hannu a kurkukun Hanoi lokaci ya yi. Abin da muke iya cewa shi ne, wanda ya tofa mata yawu da wanda ke yaɗa labarin takardun nan su ma sun ɗauki nata haƙƙin, kuma ba mu ji an nemi afuwarta ba.

A watan Janairun 2015 ta je yin jawabi a garin Frederick na jihar Maryland. Wasu tsofaffin sojoji suka taru a ƙofar zauren, suna riƙe da wancan hoton da alluna masu cewa ta yiwu su yafe, amma ba za su taɓa mantawa ba. A ciki aka tambaye ta, ta ce ta fahimci fushinsu kuma abin yana mata ciwo. Su suna waje cikin sanyi, shekara 42 da rabi bayan ɗaukar hoton.